Ajiyar Mai Doki

Zan faɗi abin nan yadda ya faru, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Ba na son labarin da ake somawa daga tsakiya.

Gidanmu a Garuwa gidan fatoma ne. Fataken shanu da masu kawo kaya daga nesa a wurinmu suke sauka. Mu ba su ɗaki, mu nemo musu mai saye, mu tsaya a tsakani har a rabu lafiya. Kakana, wanda ya taso daga ƙasar Kano, shi ya kafa gidan, mahaifina ya gada, ni kuma na gaji mahaifina. Sana'ar tana da ƙa'idoji da yawa, amma akwai guda da ke gaba da sauran: abin da baƙo ya bari ajiya ba a buɗe shi, ba a latsa shi don a ji me ke ciki, ba a kuma tambayarsa. Ranar da aka zo karɓa, in ba mai kayan ne da kansa ya zo ba, wanda ya zo sai ya siffanta abin da ke ciki kafin a miƙa masa.

A zaurenmu, jikin azarar tsakiya, akwai wani ƙunshi da na buɗe ido na tarar yana rataye. Fatar akuya ce ja, tsawonta kamar kamu ɗaya, an ɗinke bakinta da siririyar fata. An rataye shi sama ne saboda gara da ɓera. Duk shekara bayan ɗaukewar ruwa Baba yakan sa a kawo tsani, ya sauko da shi, ya goge, ya shafa masa man shanu, ya duba igiyar, in ta tsufa ya sake wata. Ba ya barin kowa ya yi wannan aikin.

Asalinsa kuwa ga shi. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Yola, Lamidon da ke kan gadon Adamawa ya fito da jama'arsa ya yo gabas. A bakin Garuwa Jamusawa suka tare shi suka watsa rundunarsa. Ya nufi Marwa, can ma aka sake karya shi. Daga nan ƙasar da take a hannu ɗaya ta tsage, kowane Bature ya ɗauki rabonsa. Sarakuna sun ci gaba da zama a kan gadajensu, amma daular ta ƙare. Kashegarin faɗan Garuwa, da la'asar, wani Bafulatani a kan doki ya tsaya a ƙofar kakana ya roƙi ruwa. Da ya sha, ya kwance ƙunshin nan daga bayan sirdi ya ce, "Fatoma, ajiye mini wannan. In na dawo na karɓa." Kakana ya tambaye shi daga ina yake, ya ce daga wani ƙauye kusa da Marwa. Sunan da ya faɗa kuwa irin wanda in ka kira a kasuwar shanu rabin kasuwar za ta waiwayo ne. Ya bi sahun Lamido, bai dawo ba. Baba bai ga wannan ba, ba a haife shi ba tukuna. Daga bakin ubansa ya ji, ni kuma daga bakinsa.

A shekarun da shugaban ƙasa na farko yake gyara Garuwa, garin haihuwarsa, aka shata sabon titi ta unguwarmu. Ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka shafa jan fenti a bangon zaurenmu. Cikin gida zai tsira, zaure ne zai tafi. Ni ban ga wata matsala ba. Na ce da Baba a mai da ƙunshin ɗakinsa.

Ya ce, "Mutumin nan a zauren nan ya bar kayansa. In jikansa ya zo neman zauren ya tarar da kwalta, wa zai tambaya?"

Na ce, "Baba, wanda bai zo ba tun zamanin Jamus?"

"Shi ya sa. Ubana ya bar mini ne don yana tsammanin za a zo. Ni na san ba za a zo ba. In na bar maka, na ɗora maka abin da na san ba ya saukuwa. Kuma ba ni son in kwanta da kayan wani a wuyana."

A lokacin ƙirjinsa ya fara damunsa, in ya hau tsanin nan sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Na gane maganarsa. Muka yanke za mu kai kayan Marwa mu nemi masu shi.

Baba yana da aboki tun ƙuruciya, wani tsohon mahauci, zuriyar Zazzagawa. Ina ce masa Baffa. Tsakanin Kanawa da Zazzagawa akwai wasa, su biyun kuwa ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Da ya ji labarin tafiyar sai ga shi da 'yar jakarsa.

Baba ya ce, "Wa ya gayyace ka?"

Ya ce, "Ba a barin bawa ya yi tafiya ba ubangijinsa. Kuma Bakano da kayan mutane a hanya, kafin a kai Fitowa ya sa musu kuɗi."

"Mu je. Ko ba komai ka riƙe mini buta."

Baba ya ce ba za mu hau mota haka kawai ba, sai mun bi yadda mai dokin ya bi. Saboda haka muka fara da wurin faɗan Garuwa. Da hantsi muka fita bayan gari da ƙafa. A kan tudu akwai wasu ramuka da tarin ƙasa waɗanda mutane ke nunawa su ce nan ne. Baba ya ce a'a, waɗannan na yaƙin baya ne, wanda Turawa suka yi tsakaninsu. Ya wuce da mu gaba zuwa wani fili mai gangarowa wajen kogi, inda ubansa ya taɓa nuna masa. Gonar auduga ce, an cire, saura kara. Babu dutse, babu alama. Daga nesa ana jin katafila tana aikin titi. Baffa ya tono wani ƙashi da sandarsa, ya juya shi ya ce, "Ga ɗaya daga cikin jarumawan." Sannan ya duba sosai ya ce, "Jaki ne. Kuma bai daɗe ba." Baba bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu muka yi Fatiha, muka juyo. Ban ji komai a wurin ba sai zafin rana, kuma ba zan ce na ji ba.

Kashegari muka shiga motar Marwa. Yaran mota suka so su ɗora ƙunshin a sama tare da kaya, Baba ya hana, ya ɗora shi a cinyarsa ya rufe da gefen riga. Muka wuce Fitowa, muka wuce Figil. Ko'ina a bakin hanya an tara auduga fari fat ana jiran manyan motoci.

Gaba da Figil akwai shingen jandarma. A zamanin ba a wuce shinge sai an sauka an nuna takarda. Wani matashin jandarma, mutumin kudu, ya duba takardunmu ya ga daidai, sannan ya nuna ƙunshin ya ce a buɗe. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, ni ne na yi tafinta da ɗan Faransancin da na samu a lakwal, wato makarantar boko.

Na ce masa ajiya ce, ba a buɗewa. Ya ce me ke ciki. Na tambayi Baba don in cika ƙa'ida, Baba ya ce, "Gaya masa ban sani ba." Na gaya masa. Ya ce tun yaushe yake hannunmu. Na ce tun kafin a haifi tsohon nan. Ya dube ni kamar na raina masa hankali, ban kuwa ga laifinsa ba. Aikinsa yake yi, kuma amsar da ya samu ba irin wadda ake koya musu ba ce. Ya miƙa hannu zai karɓa. Baba ya ƙanƙame kayan ya ce, "Gaya masa ya ɗaure ni tare da shi, amma ba zan buɗe ba." Wannan ban fassara ba.

Hayaniyar ta fito da babbansu daga rumfa, wani Bafulatani mai furfura. Ya saurari Baba da Fulatanci har ƙarshe. Ya ce, "Kai fatoma ne?" Baba ya ce i. Ya ce, "Ubana a gidan fatoma yake sauka. Ba ni in riƙe, ba zan buɗe ba." Ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya latsa shi ta kowane gefe. Baba ya kau da kai. Mutumin ya mayar ya ce, "Babu ƙarfe a ciki. Ku tafi."

Da muka koma mota Baffa ya ce, "To, ka ji. Shekara da shekaru kana shafa wa abu mai, ko ƙarfe babu." Baba ya ce, "Ban ji ba."

A Marwa muka sauka gidan wani fatoma da muke mu'amala da shi. Da safe muka je ƙofar fada muka yi gaisuwa, aka haɗa mu da wani tsohon bafade wanda aka ce ya san labarin faɗan Marwa. Ya san shi kuwa. Ya jero manyan da suka faɗi, wane ɗan wane, mai sarautar kaza. Da Baba ya faɗi sunan mai dokinmu sai ya girgiza kai ya ce, "Fatoma, na riƙe masu rawani. Waɗanda suka bi su a baya, Allah ne ya san adadinsu." Ya ce a yamma da gari aka yi abin, kusa da wani ƙauye, a bakin rafi, inda a da akwai wani babban ɓaure. Mutanen ƙauyukan wajen da yawa ba su koma gida ba a ranar.

Mai masaukinmu ya sa aka baza magana a kasuwar shanu da masallatai cewa ga ajiyar wani mai doki an kawo daga Garuwa. Muka zauna a zaurensa muna jira. Mutane suka zo, yawancinsu kallo. Masu cewa nasu ne ba su da yawa, kuma ban ce maƙaryata ba ne. Kowannensu yana da kakan da ya fita a wancan lokacin bai dawo ba.

Na farko ya ce takobi ne. Baba ya ɗora hannunsa a kan ƙunshin, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya ce, "Takobin kakanka kamu ɗaya ne?" Mutumin ya yi dariya ya tashi. Na biyu ya ce mundayen azurfa ne na kakarsa. Baba ya ce an shaida masa babu ƙarfe a ciki. Baffa ya ce, "Ashe ka ji." Sai wani dattijo mai natsuwa ya zo, ya gaisa da kyau, ya ce shi ba shi da tabbas, amma an gaya masa kakansa ya fita da wata rigar yaƙi mai layu, ko ita ce.

Baba ya dubi ƙunshin. Riga ba ta da nauyi, ba ta da ƙarfe, tana kuma naɗuwa ta zama kamu ɗaya.

Baffa ya ajiye goron da yake ɓarewa. Wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Bakano, tsaya in tambaye ka. Ka ce mai kaya ya siffanta. To ya siffanta. Da me za ka gwada? Mai dokin ne kaɗai ya san abin da ya ɗinke. Ubanka bai gani ba, kai ba ka gani ba. In ka buɗe don ka gwada, ba riga ba ce, ka buɗe ajiyar wani a gaban wanda ba nasa ba. In ba ka buɗe ba, ko jikansa na gaskiya ya zo ba ka da hanyar saninsa."

Na lissafa maganar a raina daga farko zuwa ƙarshe, ban sami inda ta karkace ba. Ƙa'idar an yi ta ne don ajiyar wata ɗaya ko shekara ɗaya, lokacin da mai kaya yake raye, zai iya aiko da wanda ya gaya wa. Mu mun riƙe ta har ta wuce inda take aiki, ba wanda ya lura, domin ba wanda ya taɓa zuwa. Baba ya ba dattijon haƙuri, ya ce ya dakata. Ranar bai ci abincin rana ba.

Da gari ya waye ya ce mu je wurin faɗan, tunda shi ne na gaba a jeri. Muka sami motar da ta rage mana hanya, muka ƙarasa da ƙafa a hankali saboda ƙirjinsa. Rafin ya ƙafe, mata suna tonon yashi suna ɗibar ruwa. Hagu da dama dawar masakwa ce kore shar, wadda ake dasawa bayan damina a baƙar ƙasa. Muka tambayi ɓauren. Wata mata ta nuna wani, wani mai shanu ya nuna wani dabam, ya ce na ainihin ya faɗi tun yana yaro. Na duba filin. Shimfiɗaɗɗe ne, babu tudu, babu wurin ɓuya. Na gane yadda bindiga mai ruwan harsashi za ta yi da mutanen da suka taho a kan dawaki a irin wannan wuri. Iyakar abin da wurin ya nuna mini ke nan.

Azahar ta same mu a ƙauyen. Bayan salla Baba ya nemi limamin, wani tsoho siriri da suke kira Modibbo. Muka zauna a inuwar masallaci tare da jauro, wato mai garin, da wasu dattawa. Baba ya faɗi labarin tun daga ruwan da mai dokin ya sha har zuwa maganar Baffa, bai rage komai ba.

Modibbo ya ce, "Kun nema a fada?"

"Mun nema."

"Kun yi shela a kasuwa?"

"Mun yi."

"To, Fatoma, kayan da aka nemi mai shi aka rasa, aka rasa magajinsa, ana sadaka da shi da sunansa, ladan ya same shi inda yake. Amma ba a sadaka da abin da ba a sani ba. Sai an buɗe. Mai maganar riga kuma, in riga ce, a aika masa."

Baba ya ce, "Ba da hannuna ba."

"Ba da hannunka ba. Ni na ce a buɗe, ga shaidu. Wa ke da wuƙa?"

Baffa ya riga ya zaro tasa. Ya ce, "Mahauci ne a gabanka, Modibbo." Baba ya ce masa, "Ɗinkin za ka bi. Kada ka taɓa fatar." Baffa ya ce, "Ka taɓa ganin na ɓata fata?" Ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta buɗe ba gardama saboda man da ta sha.

Farin ƙyalle ne a ciki, saƙar hannu, irin siraran ƙwaryar saƙi da ake haɗawa, an ninke shi da kyau. Ya ɗan yi ja a bakin ninki, amma bai ci ba. Modibbo ya warware shi a kan tabarma. Guda uku ne, ba wuya, ba hannu, ba kalmasa. A tsakiya akwai ɗan ƙulli, da aka kwance sai garin ganye, ya ce magarya ce. Ba wanda ya bukaci a gaya masa. Likkafani ne.

Baba ya ce, "Ashe mun riƙe wa mutum likkafaninsa, an binne shi babu."

Modibbo ya ce, "A'a. Dattawanmu sun ce da yawa cikinsu da nasu suke yawo a bayan sirdi, saboda mutuwar hanya, zazzaɓi ko faɗuwa daga doki. Amma wanda ya faɗi a fagen fama ba a yi masa wanka, ba a sa masa likkafani, da tufafin jikinsa ake rufe shi. Mutumin nan ya ga abin da ya faru a Garuwa, ya kuma san inda za shi. In ya tsira, ya dawo ya karɓa. In bai tsira ba, ba ya bukatarsa. Nauyi ya rage wa dokinsa."

Baffa ya ce a hankali, "Ya rage wa doki, ya ɗora wa Kanawa." Wasu dattawan suka murmusa.

Baba ya ce, "Modibbo, yanzu yaya?"

"A bar shi a masallacin nan. Hanyar shanu ta bi ta bayanmu, baƙi suna mutuwa a nan ba su da kowa. Ranar da aka sami irin wannan, a sa masa, da sunan mai shi."

"Na sauke ke nan?"

"Ka sauke."

"A faɗa da ƙarfi, shaidu su ji."

Modibbo ya maimaita, jauro ya ce sun ji. Aka ninke ƙyallen aka mayar cikin fatar. Baffa ya ce fatar dai a ba shi ladan wuƙa, Baba ya ce fatar ma ta mai doki ce. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar da ke ɗaure a wuyan ƙunshin, ya naɗe ta a hannu ya sa aljihu. Ya ce, "Wannan tamu ce." Kafin mu bar Marwa ya je da kansa ya gaya wa dattijon nan cewa ba riga ba ce.

Mun dawo ba da daɗewa ba aka rushe zauren. Azarar tsakiya Baba ya sa aka yi rumfar awaki da ita, igiyar kuma aka ɗaura wa guga. Muka gina sabon zaure da bulo da kwano, yana kallon titi. Na lura duk sanda Baba ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya zauna, ko da yake babu komai a wurin sai kwano. Ban taɓa yi masa maganar ba.

Da damina ta zagayo, wani falken shanu daga wajen Marwa ya sauka a gidanmu. Bayan an gama gaisuwa ya ce Modibbon ƙauyen nan ya ba shi saƙo. Wani makiyayi daga Cadi ya kwanta ciwo a bayan garinsu ya rasu, ba a san danginsa ba, an sa masa ƙyallen.

Baba yana alwalar la'asar a lokacin. Ya tsaya da butar a hannu ya ce, "Ya ishe shi?"

Falken ya ce, "Ya ishe shi. Har da ragowa a wajen ƙafa."

Baba ya ce, "To." Ya ci gaba da alwalarsa daga inda ya tsaya.